Takalmin Gudu Ba Na Ado Ba Ne

Ran nan da asuba muka fita gudu daga Wudil, muka nufi Utai. Kafin mu juyo, biyu daga cikinmu sun tuɓe takalmansu sun riƙe a hannu, ƙafa duk bororo. Takalman kuwa na yayi ne.

'Yan'uwana ɗalibai, a ganina mun mai da takalmin gudu kayan ado. Sai mutum ya je gwanjo a Ƙofar Wambai, ya ga suna a jiki, ya biya, bai ko juya ya dubi dunduniyar ba. Alhali mai shi na fari ya riga ya cinye ta gefe guda, daidai da takunsa. Gwiwarka ce za ta biya bashin.

Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun fanfalaki a birnin Rum a 1960 ba takalmi, domin wanda ya samu bai yi masa daidai ba. A Tokyo kuwa, a 1964, da takalmi ya sake ci.

Saboda haka a gwada da yamma, sa'ad da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma da safa. A bar faɗin babban yatsan hannu a gaba, dunduniya kada ta riƙa zamewa. In mai sayarwa ya ce maka ai zai saki, ajiye masa abinsa.