Fenti Kafin Birki?

A Ingila da Amurka akwai masu harhaɗa motar tsere a garejin gida, su shafe ta da shuɗi da ruwan goro irin na kamfanin mai na Gulf. To, ba laifi. Abin takaici shi ne a ƙarar da kuɗi wurin mai fenti, birki da bel kuwa sai Allah ya hore.

Motar da ake kwaikwayo, Ford GT40, ita ta ci tseren Le Mans na Faransa a 1969. A lokacin, direbobi kan ruga su faɗa motocinsu. Direbanta Jacky Ickx ya taka a hankali, ya ɗaura bel, ya tashi na ƙarshe. John Woolfe bai ɗaura ba, ya mutu a zagayen farko.