Kyautar Heisman: gwani ake zaɓe ko wanda aka fi gani?

Kowace shekara, da zarar watan Disamba ya kama, akwai gardamar da kan tashi a ƙasar Amurka, tun daga gidajen rediyo da na tele har shagunan aski: wane ɗan wasa ne ya fi kowa a tamolar jami'o'i? Kyautar da ake wannan ja-in-ja a kanta sunanta Heisman. Ɗan gunki ne na tagulla, siffar ɗan wasa rungume da ƙwallo, ya miƙe hannu guda yana ture abokin karawa. Duk saurayin da ya ɗauke ta, sunansa ya shiga tarihi ke nan, ko da bai sake taɓuka kome ba a rayuwarsa.

Kamin a shiga gardamar, ya kamata mai karatu ya san cewa tamolar Amurkawa dabam take da wadda ake bugawa a Maraɗi ko Damagaram. Ƙwallon nasu mai siffar ƙwai ne, da hannu ake ɗaukarsa, da hannu ake jifarsa. Mutum 11 ke fuskantar mutum 11 a fili mai tsawon yadi 100, yadi irin wanda ƴan kasuwa ke auna atamfa da shi. Ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi 10. In ta ci a sake ba ta huɗu, in ta kasa ƙwallo ya koma hannun abokan hamayya. Wanda ya tsallake layin ƙarshe da ƙwallo ya samo maki 6. Kowace ƙungiya tana da rukuni biyu: masu kai hari da masu tsaron gida, in waɗannan sun shiga, waɗancan su fito su huta. Jagoran masu kai hari shi ne mai jifa, wanda za a iya kira madugu, domin duk dabara daga hannunsa take fitowa. Ɗalibai ne ke wannan wasa, amma kada a raina shi: filin jami'ar Mishigan kaɗai yana ɗaukar ƴan kallo fiye da dubu 107.

An soma ba da kyautar a shekarar 1935, a wani kulob na birnin New York mai suna Downtown Athletic Club. Jay Berwanger na jami'ar Shikago ne ya fara ɗauka. A 1936, bayan rasuwar John Heisman, tsohon mai horar da ƴan wasa kuma darektan wasanni na kulob ɗin, aka laƙaba mata sunansa. Ƙuri'a ake jefawa: ƴan jarida 870 da aka raba shiyya shida, da dukan waɗanda suka taɓa cin kyautar suna raye, sai ƙuri'a guda tak ta jama'ar gari. Kowane mai zaɓe yana rubuta suna uku: na farko maki 3, na biyu maki 2, na uku maki 1. Tun da aka fara, mutum guda ne ya ci sau biyu, wato Archie Griffin na jami'ar jihar Ohio, a 1974 da 1975.

A nan ne tushen rigimar yake. A filin kokowa ba a jefa ƙuri'a: wanda ya kai ƙasa ya faɗi, takobi kuwa na wanda ya rage tsaye ne, kowa ya gani da idonsa. Ita kuwa Heisman, ana kwatanta mutanen da aikinsu ba ɗaya ba ne, waɗanda sau da yawa ba su taɓa haɗuwa a fili ba, cikin ƙungiyoyi fiye da 130. Masu sha'awar kyautar Ballon d'Or sun san irin wannan ciwon kai, tun da mai tsaron raga guda ne, Lev Yashin, ya taɓa ɗaukarta, a 1963.

Zaɓen 2024 ya fito da matsalar fili, domin samari biyu ne suka tsaya, kowanensu da hujja mai nauyi.

Na farko Ashton Jeanty, na jami'ar Boise da ke jihar Idaho. Aikinsa gudu da ƙwallo, wato a danƙa masa shi a hannu ya keta ƙartai. Lokacin da aka jefa ƙuri'a ya riga ya ci yadi 2.497, kuma ya ƙare shekarar da 2.601. A tarihin wannan gasa mutum guda ne ya wuce haka, Barry Sanders, wanda ya ci 2.628 a 1988. Magoya bayansa suka ce: kowace ƙungiya ta san shi za a ba ƙwallo, ta tara masa mutane, duk da haka ya wuce. Ya ɗauki ƙungiyarsa a kafaɗa har ta ci wasa 12 cikin 13, ta shiga jerin ƙungiyoyi 12 masu neman kofin ƙasa. Ga masu cewa da raunana yake karawa, sai a tuna musu ranar da ya ci yadi 192 gaban jami'ar Oregon, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin shekarar.

Na biyu Travis Hunter, na jami'ar Kolorado, almajirin Deion Sanders, wanda ya biyo ubangidansa daga jami'ar Jackson, makarantar baƙaƙen fata a jihar Misisipi. Shi wannan yaro aiki biyu yake yi. In ƙungiyarsa ke kai hari, yana cikin masu cafe ƙwallo. In ta koma tsaro, bai fita hutu, sai ya juya ya zama mai hana wasu cafewa. A yawancin wasanni yakan shiga artabu sama da 100, alhali takwarorinsa rabin haka suke yi. Kamin zaɓe ya cafe ƙwallo sau 92, ya ci yadi 1.152, ya tsallake layi da cafiya sau 14, sannan ya ƙwace jifar abokan hamayya sau 4. A shekara guda aka ba shi lambar gwanin masu cafiya da ta gwanin masu tsaro. Ƙungiyar da ta ci wasa guda cikin 12 a 2022, sai ga ta ta ci 9 a 2024.

Ranar 14 ga Disamba 2024 aka bayyana sakamako: Hunter maki 2.231, Jeanty 2.017. Tun 2009 ba a ga tazara ƙanƙanuwa haka ba. Mutanen Idaho suka ce an yi musu fashi da rana tsaka; suka ce kyamarorin tele da ke bin Deion Sanders duk inda ya sa ƙafa su ne suka yi zaɓen.

Wannan ƙorafi yana da tarihi a bayansa, kuma tarihin ya nuna cuta huɗu da ke damun kyautar.

Ta farko, fifita madugu. Daga 2000 zuwa 2024 an ba da kyautar sau 25, 20 daga ciki masu jifa ne suka ɗauka. Ƙartan da ke tsayawa gaba kamar katanga, suna shan duka domin madugu ya samu sararin jifa, ba a taɓa ba ko guda cikinsu ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2009, Ndamukong Suh na jami'ar Nebraska, wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne, ya hana manyan ƙungiyoyi sakat daga layin tsaro, mutane da dama suka ce babu kamarsa a shekarar, amma na huɗu ya zo. A shekarar ne Mark Ingram ya kada Toby Gerhart da maki 28 kacal. Sai a 1997 mai tsaron gida ya fara ɗaukar kyautar, wato Charles Woodson na Mishigan, wanda ya sha gaban Peyton Manning. Shi ma ɗin sai da ya riƙa taɓa aikin masu kai hari kamin a dube shi.

Ta biyu, sunan makaranta. Ɗan babban gida ko tari ya yi sai an ji. Tun da Ty Detmer na jami'ar Brigham Young ya ci a 1990, har zuwa zaɓen su Jeanty, ɗan ƙaramin rukuni bai sake ɗauka ba. Makarantu kuwa ba sa zama su jira rabo, kamfe suke yi kamar na ƴan siyasa. A 1970 jami'ar Notre Dame ta sa ɗan wasanta Joe Theismann ya sauya yadda ake furta sunansa domin ya yi kama da Heisman. Na biyu ya zo. A 2001 masoyan jami'ar Oregon sun kashe wajen dalar Amurka dubu 250 wurin kafa ƙaton hoton Joey Harrington a jikin wani bene na New York. Na huɗu ya zo. Talla takan sa a san mutum, amma ba ta cika sayen ƙuri'a ba.

Ta uku, launin fata, wadda ta fi sauran muni. A 1956 aka ba Paul Hornung na Notre Dame, alhali ƙungiyarsa ta ci wasa 2 ta faɗi 8, abin da ba a taɓa yi ba kuma ba a sake ba. Jim Brown na jami'ar Syracuse, baƙar fata, wanda daga baya duniya ta shaida gwanintarsa, na biyar aka ajiye shi. Sai a 1961, shekara 26 da kafa kyautar, baƙar fata ya fara ɗauka: Ernie Davis, shi ma na Syracuse. Ciwon sankarar jini ya ɗauke shi a 1963 yana da shekara 23, bai buga wasa ko guda cikin ƙwararru ba. Wannan cuta ta ja baya ƙwarai, amma ta bar darasi: masu zaɓe ƴan zamaninsu ne, son zuciyar zamanin yakan bi su har cikin akwatin ƙuri'a.

Ta huɗu, gaggawa. Ana rufe zaɓe a farkon Disamba, kamin wasannin da suka fi kowane nauyi. A 2005 Reggie Bush na jami'ar Kudancin Kaliforniya ya kada Vince Young na Teksas da rata mai yawa. Bayan ƴan makonni, a watan Janairu 2006, ƙungiyoyin biyu suka haɗu a wasan ƙarshe, Young ya tsallake layi ana saura daƙiƙu kaɗan, Teksas ta ci 41 da 38. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, amma masu Heisman tun miya na kan wuta suke yanke hukunci.

Labarin Bush bai tsaya nan ba. A 2010 hukumar wasannin jami'o'i ta same shi da laifin karɓar kuɗi da alheri, shi da iyalinsa, daga hannun dillalai, a zamanin da doka ta hana ɗalibi cin ko tamma daga wasan da ke kawo wa makarantu miliyoyi. Ya mayar da kyautar. A watan Yuli 2021 doka ta sauya, aka yarda ɗalibai su ci moriyar sunansu da hotonsu, kuma a watan Afrilu 2024 aka maido masa da kyautarsa. Abin da aka kira laifi jiya ya zama sana'a. Wannan ya nuna cewa ko ma'aunin hali da ake ɗora wa masu neman kyautar yana bin iskar zamani.

To, wa ya cancanta a 2024? In an auna da adalci, Hunter ne, ko da yake ba da nisa ba. Kyautar ta wanda ya fi kowa fice ce, ba ta wanda ya fi tara yadi ba, ba kuma ta wanda ƙungiyarsa ta fi dogara da shi ba. Jeanty ya yi abin da wani ya taɓa yi, ya kusa kamo shi, kuma Barry Sanders cikin wasa 11 ya kafa nasa tarihi, shi kuwa cikin 14. Hunter ya yi abin da an daɗe ba a ga irinsa ba: ya riƙe sana'a biyu masu hannun riga, ya zama gwani a kowace. Falke da ya kai kaya Kano ya ci riba mai yawa abin yabo ne. Amma wanda ya yi fatauci da rana, ya yi gadin ayari da dare, bai gaza a ko ɗaya ba, nasa yabon dabam ne. Ƙungiyoyin ƙwararru ma sun nuna darajar su biyun a 2025: Jacksonville ta ɗauki Hunter a matsayi na biyu, Las Vegas ta ɗauki Jeanty a na shida.

Sai dai dacewar sakamako guda ba ta wanke tsarin ba. Da Jeanty ya yi aikin nan nasa sanye da rigar Alabama ko ta Ohio, da wuya a hana shi. Gyara biyu za su rage ɓaraka. A jinkirta zaɓe har a buga wasan ƙarshe, domin a yi hukunci kan shekara cikakkiya. Sannan a buga takardar kowane mai zaɓe da sunansa bayan an bayyana sakamako, domin wanda ya san za a karanta zaɓinsa a bainar jama'a yakan kalli wasa da kyau kamin ya rubuta, ba ya dogara ga ɗan taƙaitaccen hoton da tele ke maimaitawa.

Maganar ta wuce filin tamola. Duk inda ake raba lambar yabo ko ƙarin girma, walau a ma'aikata walau a kanti, tambayar guda ce: wanda ya yi aikin ake dubawa, ko wanda ya fi kusa da idon shugaba? Yabon gwani ya zama dole, amma kamin a yaba sai an nemo gwanin, shi kuwa sau da yawa yana can cikin ƙura, inda kyamara ba ta kai ba. Allah ya ba masu rabon yabo idon gani da zuciyar adalci.