Kafin ka biya kuɗin gyaran makullin motarka

1/ Jama'a, ra'ayina ke nan: in an gyara maka rimot ko tsaron makulli, tashin mota bai isa shaida ba. Ni sai na ga ta ƘI tashi a inda ya kamata ta ƙi, sannan in ciro kuɗi. Ku biyo ni 🧵

2/ A cikin kan makullin akwai wata 'yar mitsitsiyar na'ura mai ɗauke da lambar sirri. Zoben waya da ke bakin ramin makulli ne ke karanta ta. In lambar ba ta dace ba, ƙwaƙwalwar mota ta hana mai ko wuta. Shi ya sa Jamus ta wajabta wannan tsaro a sababbin motoci tun 1998.

3/ Wani mai wayarin, in abin ya gagare shi, sai ya ciro na'urar ya manna ta jikin zoben da salatif, ko ya kashe tsaron a ƙwaƙwalwar gaba ɗaya. Mota ta tashi, kowa na murna. Alhali yanzu duk ƙarfen da ya juya ramin zai tayar da ita.

4/ Kada ka ce ƙaramin abu ne. A Amurka, Kia da Hyundai da yawa na 2011 zuwa 2021 sun fito babu wannan tsaro. Yara suka riƙa sace su da kan wayar USB, suna ɗora bidiyo a TikTok.

5/ To ga gwajin, a gaban mai gyaran. A yanko maka makulli zalla marar na'ura. Kashe mota, jira 'yan mintoci, ka gwada. In ta tashi ta ci gaba da aiki, babu tsaro.

6/ Mai maɓallin tayarwa fa? Ba wani rimot ɗin ya yi nisa da shi. Taka birki, danna. Bai kamata ta tashi ba, hannun ƙofa ma bai kamata ya buɗe ba.

7/ Ka sa ya jona na'urar bincike ka ga makullai nawa motar ta sani. Biyu ne a hannunka, ta nuna huɗu? A goge sauran, musamman 'yar Kwatano ko wadda makullinta ya taɓa ɓata. Bayan gogewar ka gwada naka ɗaya bayan ɗaya.

8/ Wani zai ce sabon makulli da saitinsa akwai tsada. Gaskiya ne. Amma fara da batirin rimot, yawanci CR2032 ne, sau da yawa shi kaɗai ne matsalar. In kuma ka zaɓi a kashe tsaron, ya zama da saninka, ba a ɓoye maka ba.

9/ Mai gyara na ƙwarai ba ya jin haushin gwaji. Wanda ya ce "haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?", ce masa ka yarda, amma dai a kawo makullin.