Daga kifin Tabalak zuwa ruwan zafi na Tafadek

A wannan mako za mu ajiye zancen farashin hatsi da na albashi a gefe, mu ɗan sha iska. Labarin wata tafiya ce da muka yi a cikin sanyin shekarar 2019, mu uku: ni, da wani abokina malamin lakwal da kowa ke kira Mushe, da wani Alhaji ɗan kasuwa wanda ya san Kwatano da Lome kamar tafin hannunsa, amma bai taɓa wuce Abalak ba. Shi ya ba da mota, mu muka haɗa kuɗin isansi. Niyyarmu, mu kama kifi a Tabalak ran Juma'a, mu yi wanka a ruwan zafi na Tafadek, mu dawo bakin aiki ran Litinin da safe kamar ba a yi ba.

Mun tashi daga Tawa bayan an sauko daga masallaci. Tabalak kusa take, wajen kilomita 50 bisa hanyar Agadas, kuma duk wanda ya taɓa bin wannan hanya ya san ƙamshin kifin da mata ke soyawa a bakin gudro. Tabkin nan tun shekarar 2005 aka sa shi cikin wuraren dausayi da duniya ta amince a kiyaye. Mu dai muka zauna a gaɓa da ƙugiya da tana, tun la'asar har rana ta faɗi. Abin da Allah ya ba mu, karfasa uku, ko wacce ba ta fi tafin hannu ba. Wani yaro ɗan masunta ya tsaya yana kallonmu da tausayi, daga bisani ya kai mu wurin mahaifinsa, muka sayi bandar tarwaɗa ta jika biyu. Mushe ya ce idan mun koma gida kada wanda ya tona asiri. To, ga shi na tona.

Da asubahin Asabar muka kama hanya. Daga Tawa zuwa Agadas kimanin kilomita 400 ne, bisa hanyar nan da aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 domin jigilar uraniyom na Arlit. A shekarar da muka bi ta, ramukan sun fi gudron yawa a wurare da dama. Sai bayan azahar muka hango hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27. A can muka nemi labarin lafiyar hanya wurin hukuma, abin da nake roƙon kowa ya yi kafin ya shiga Azbin, sannan muka ɗauki jagora, wani Ba'abzine mai ƙarancin magana.

Tafadek tana arewa da Agadas, tsakaninsu bai kai kilomita 100 ba. Amma kilomita na cikin duwatsu ba irin na taswira ba ne. Ana barin gudro, sai dutse da rairayin ƙorama. Motar Alhaji, wadda aka yi domin titunan birni, ta kafe sau biyu, a na uku ta ce ba da ita ba. Jagora ya kira wani makiyayi ya tsare ta, muka saɓa bido da barguna da ƙunshin kifi, muka shiga takawa. Awa biyu muka yi cikin ƙorama, tsakanin goruba da itatuwan ƙaya, baƙaƙen duwatsu dama da hagu. Ma'aikacin da ya shekara goma bisa kujerar buro, a irin wannan wuri yake gane cewa yana da gwiwoyi.

Mun isa da almuru, kuma abin da na tarar ya sa na ji kunyar kaina. Mu yawon shan iska ya kawo mu. Waɗanda muka iske kuwa, ciwo ne ya kawo su. Ga masu sanyin ƙashi, ga masu ciwon baya, ga masu ƙaiƙayin fata, ko wane ya kafa ƴar rumfa, ya zo da guzurinsa na kwanaki. Wani dattijo da ya fito daga yankin Dakwaro ya ce mini rago ya sayar ya biya kuɗin mota, kuma kwanansa tara ke nan.

"Baba, ka ji sauƙi kuwa?" na tambaye shi.

"Ɗana, ran da na zo ɗauko ni aka yi. Yau da ƙafata na je na yi alwala."

Ban yi masa gardama ba. Likitoci ma sun yarda zafi yana sassauta jijiyoyi, yana rage raɗaɗin gaɓoɓi, ko da ba ya tumɓuke ciwon daga tushe. Shi kuwa zafin, ba wuta aka hura ba. Ruwan sama ne ke bin tsagar dutse ya nutsa can ƙasa, inda ɗumi ke ƙaruwa da wajen digiri 3 a ko wane mita 100, sannan ya sake ɓullowa da zafinsa da gishirin duwatsun da ya ratsa.

Da safiyar Lahadi layi ya zo kanmu, don ana shiga ne bi da bi, maza daban, mata daban. Dattijon ya gargaɗe mu: a shiga sannu, a ɗan jima, a fito a lulluɓa a sha ruwa. Alhaji ya ce shi ba zai yi doguwar tafiya irin wannan domin wankan tsuntsu ba. Tun da yini guda gare shi, zai haɗa na kwana tara a zama ɗaya. Ya daɗe a ciki, ya miƙe da gaggawa, sai jiri ya kwashe shi. Da Mushe bai tare shi ba, da kansa ya bugi dutse. Sai a lokacin ya faɗa mana yana shan maganin hawan jini. Ruwan zafi yana buɗe hanyoyin jini, bugun ya sauka, ga magani, ga gumi, ga rashin shan ruwa. Mun kwantar da shi a inuwa, mun ɗaga ƙafafunsa, gabana yana faɗuwa, domin na san motarmu tana can nesa cikin rairayi, babban asibiti kuma yana Agadas. Allah ya taƙaita, ya farfaɗo.

Ina ganin a nan ne hukumomin jihar Agadas ke da abin dubawa. Wurin da marasa lafiya ke taruwa daga nesa, yawancinsu tsofaffi, ya cancanci hanya mai biyuwa da ma'aikacin lafiya da zai auna jinin mutum kafin ya shiga. Ku kuma ƴan kasuwa, akwai lada a nan, akwai riba: ɗakunan kwana masu tsabta da motar haya tsayayya daga Agadas ba za su rasa mutane ba.

Bandar tarwaɗar nan, dattijon muka bar wa, ya raba da maƙwabtan rumfarsa. Mun tono mota da taimakon makiyaya, mun kwana a hanya, ba mu shiga Tawa ba sai Litinin da hantsi. Mushe ya tarar da takardar neman bayani daga shugaban lakwal tana jiran sa. Alhaji kuwa ya ce zai koma, amma da kwana goma da tsohuwarsa, wadda gwiwa ta hana ta zuwa masallaci.