Dara Ba Ta San Alhaji Ba

Jama'a, yau ƙorafina a kan 'yan kallon dara ne, musamman namu na Haɗeja. Dokar wasan nan ba ta da wuya: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, ba a jera uku lokacin zubi, wanda ya jera huɗu bai ci ba. Yaro ma ya sani. Amma da zarar mai kuɗin unguwa ya zauna da masuncin da ya dawo daga kogi, sai ka ji dattawan gefe suna cewa, "A bar wa Alhaji, hannunsa ne ya zame." Hannu ya zame sau uku a wasa ɗaya? Masunci ya yi gum, don gobe wurin Alhajin zai je rancen kuɗin koma.

Wai kara ce. Ni dai sata nake kiranta.

Turawa ma suna wannan rigimar. A Dungeons & Dragons, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, kowa yana ɗaukar matsayin wani jarumi, jagoran labari kuma yakan jefa ɗan ludo a ɓoye. Wasu na cewa ba laifi ya canza abin da ya fito don labari ya yi daɗi. Daɗin wa? Mu marubuta mun san dabarar: jaruma ta shiga uku, a babin ƙarshe sai ga kawu attajiri ya faɗo daga Saudiyya. Can dai kuɗin littafi mai karatu ya yi asara. Masuncin nan kuwa ya daina zuwa gindin bishiyar gaba ɗaya.