DA MUDUN WA AKE AUNA IDONMU?

A wannan mako filin namu zai leƙa cikin ido, can ƙuryarsa ta baya inda gani yake farawa. Dalili kuwa shi ne, a manyan asibitocin ido na ƙasar nan yanzu akan zaunar da mutum gaban wata na'ura, a ce ya ɗora haɓarsa ya dubi wani ɗan haske, kafin ya gyara zama an miƙo masa takarda mai zanen kore da rawaya da ja. Da yawa daga cikinmu mukan karɓi takardar nan kamar hukuncin alƙali. To, ya kamata mu san abin da ke cikinta, mu kuma san inda aka samo ma'aunin da aka yanke hukuncin da shi.

A bangon ido na baya, daga ciki, akwai wani tantani da likitoci ke kira retina. Kaurinsa bai wuce wajen rubu'in milimita ba, amma duk da haka hawa goma ne aka jera bisa juna kamar an shimfiɗa tabarmi. A kansa haske yake sauka, shi kuma ya mai da hasken saƙo. Daga nan waɗansu zaruruwa ƙanana, fiye da miliyan ɗaya a kowane ido, su kwashi saƙon su taru a wuri guda su fice zuwa ƙwaƙwalwa. Wannan damin zare shi ne jijiyar gani. In likita ya haska ido, bakin jijiyar yakan bayyana kamar ɗan faifai mai rami a tsakiya kamar ƙoƙo. Mai karatu ya riƙe faifan nan da ƙoƙonsa, za mu komo kansu.

Tun 1851 wani masani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya fito da madubin da ake leƙa cikin idon mai rai da shi, aka kuma yi shekara da shekaru ana ɗaukar hoton abin da madubin ya nuna. Sai dai hoto irin wannan fuska kaɗai yake nunawa, kamar wanda ya tsaya bakin rijiya yana kallon ruwa bai san zurfinsa ba. Sai a 1991 waɗansu masu bincike a babbar makarantar fasaha ta MIT da ke Amurka, a ƙarƙashin Shaihun Malami James Fujimoto, suka bayyana wata dabara ta auna zurfin da haske. Likitoci suna kiranta OCT a taƙaice. Tana da kama da hoton ciki da ake yi wa mai juna biyu, inda ake aika sauti a saurari amsa-kuwwarsa, illa dai shi haske ya fi ƙarfin a bi sawunsa da agogo. Saboda haka sai suka raba hasken biyu, rabi ya shiga ido, rabi ya tafi ga wani madubi da aka san nisansa, in sun komo a gwama su. Da haka na'urar ke zana retina kamar an yanka ta an dubi gefenta, hawa-hawa, alhali ba a ko taɓa idon ba. An fara sayar da ita a 1996, a 2023 kuma aka ba Fujimoto da David Huang da Eric Swanson lambar Lasker, wadda ke cikin manyan lambobin girma na binciken likitanci.

Me ya haɗa mu da wannan? Cutar gilakoma ce, wadda aka fi sani da hawan jinin ido. Sunan nan ma yana ɓad da mutane, domin ba jini ne ke hawa ba, kuma ba ita ce hawan jinin da ake aunawa a damtse ba. Wani ruwa ne garai-garai da ido ke yi kullum yana zubarwa ta wata 'yar magudana. In magudanar ta cushe sai matsi ya ƙaru a cikin ido, zaruruwan jijiya su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ƙoƙon nan ya riƙa faɗi yana cin faifai. Galibi ba zafi, ba ja, ba hawaye. Gani yakan fara zaizayewa daga gefe, ɗaya idon kuma yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, har sai ranar da mutum ya fara tuntuɓe da kujera a ɗakinsa. Mai yanar ido ana yi masa aiki ya wayi gari yana gani. Zaren jijiya kuwa in ya mutu ya tafi ke nan, iyakar abin da magani ko fiɗa za su yi shi ne su tsare ragowar. Binciken da aka yi a Jami'ar Johns Hopkins ya nuna cewa rubu'i zuwa sulusin ƙwayoyin nan kan hallaka kafin gwajin faɗin gani ya nuna akwai matsala. Ita kuwa na'urar nan tana auna kaurin shimfiɗar zaren kai tsaye, wanda a lafiyayyen ido bai fi kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ta haka sau da yawa takan ga ɓarna tun mai idon bai ji komai ba.

Nauyin cutar a kanmu ba ƙarami ba ne. Daga 2005 zuwa 2007 an yi babban binciken makanta a duk faɗin Nijeriya, aka duba mutum 13,591 'yan shekara 40 zuwa sama. An tarar kashi 4.2 cikin 100 makafi ne, abin ya fi tsanani a arewa maso gabas, kuma bayan yanar ido gilakoma ce ta biyu wajen makantarwa. Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta sun bi bayanan dalla-dalla suka wallafa a 2015 cewa mutum 5 cikin 100 na masu waɗannan shekaru suna da cutar. Cikin masu ita, waɗanda suka san suna da ita ba su kai 6 cikin 100 ba, ɗaya cikin biyar kuma ya riga ya makance. Wani abin lura kuma, fiye da rabin idanun da cutar ta kama ba a sami matsinsu ya haura iyakar da aka saba ɗauka lafiya ba a lokacin awon. Watau auna matsi kaɗai ba ya isa, tilas a dubi jijiyar kanta. A garin Tema na ƙasar Gana ma, inda aka duba mutum 5,603, adadin ya kusa kai 7 cikin 100.

Yanzu sai mu zo kan takardar nan mai launi. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ita na'ura ba ta san kima ba sai da mudu. In ta auna kaurin zarenka, sai ta gwada shi da na waɗansu lafiyayyun mutane masu irin shekarunka da kamfanin ya auna tun farko ya ajiye a cikinta. In ka faɗa cikin yawancinsu, ta ba ka kore. In ka faɗa cikin kashi biyar na ƙasa, rawaya. In cikin kashi ɗaya na can ƙarshe, ja. Su wane ne waɗannan lafiyayyu, kuma su nawa ne? Ɗauki na'urar Cirrus ta kamfanin Zeiss na Jamus, wadda tana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a duniya. An yi shekaru ana sayar da ita da mudun da aka gina a kan mutum 284, baƙaƙen fatar Amurka kuwa kashi 18 ne cikin 100 nasu, watau wajen mutum hamsin. Kamfanoni sun soma faɗaɗa mudun a sababbin na'urori, amma asibitin da ya yi fama kafin ya sayi guda ba zai canja ta kowace shekara ba.

Da a ce idon 'yan Adam duk ƙira ɗaya ne, da ba komai. Amma tun 1991 binciken birnin Baltimore ya nuna gilakoma ta fi yawa a tsakanin baƙaƙe da ninki huɗu zuwa biyar bisa ga fararen fata na gari ɗaya. Daga baya aka kafa wani dogon bincike mai suna ADAGES a San Diego da Birmingham ta Jihar Alabama da New York, aka bi mutum fiye da dubu ɗaya ana ɗaukar hoton idanunsu shekara bayan shekara. An tarar cewa mutanen da asalinsu Afirka ne, ko da lafiyarsu ƙalau, faifan jijiyarsu ya fi girma, gilashin gaban idonsu kuma ya fi siranta. Duka biyun suna iya ruɗar mai awo. Babban faifai yakan zo da babban ƙoƙo, sai a ɗauka cuta ce ta ci shi alhali haka Allah ya yi shi. Siririn gilashi kuma yakan sa ma'aunin matsi ya nuna ƙasa da gaskiya, sai a sallami mutum a ce lafiya lau. Su kansu likitocin ido suna da sunan ba'a da suke yi wa wannan ruɗani: ciwon ja, ga lafiyayyen da na'ura ta shafa wa ja aka ɗora shi kan maganin ɗigawa na har abada, da ciwon kore, ga mara lafiyar da ta wanke. A ƙasar da ɗan kwalbar maganin wata guda ke iya cinye kuɗin cefanen gida, na farkon ma ba ƙaramar hasara ba ce, balle na biyun.

Har ila yau, baƙin Alabama ba shi ne mutumin Gumel ko na Abakaliki ba. A cikin binciken Nijeriya kansa an ga bambanci tsakanin ƙabilu, cutar ta fi yawa a tsakanin Ibo. Abin yabo a aikin nan shi ne masu binciken ba su ari mudun kowa ba: sun ware kowane mutum na bakwai suka yi masa cikakken awo, daga nan suka fitar da iyakar girman ƙoƙo da ta matsi ga lafiyayyen idon ɗan Nijeriya, sa'an nan suka yi hukunci da ita. Sai dai wancan mudu na faifai ne da matsi, ba na kaurin zare da sabuwar na'ura ke aunawa ba. Likitocinmu a waɗansu asibitocin koyarwa sun auna lafiyayyun idanu da ita sun wallafa, amma kowa da ɗan adadinsa, kowa da irin na'urarsa.

Wanda ke shakkar amfanin yin bincike a gida, ya dubi abin da ya faru a Blantyre ta ƙasar Malawi. Tun daga 1993 Dakta Susan Lewallen da abokan aikinta suka riƙa bayyana waɗansu alamu a retinar yaran da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa: fari-fari a tantanin, da canjin launin hanyoyin jini, da ɗigon jini mai farar tsakiya. A 2004 aka wallafa binciken gawarwakin yara 31 da aka ɗauka wannan zazzaɓi ne ya kashe su, sai aka tarar bakwai daga cikinsu wani ciwo ne dabam, kuma duban cikin ido shi ne abin da ke bambanta su tun suna da rai. Babu yadda za a yi a gano wannan a Landan ko Boston, domin ba su da irin waɗannan yara a gadajensu.

Maganar ta ƙara zama ta gaggawa tun da aka fara koya wa kwamfuta karanta hotunan. A 2016 masu binciken kamfanin Google sun horar da ita da hotuna 128,175 don gane ɓarnar ciwon sukari a retina, a 2018 kuma asibitin ido na Moorfields da ke Landan ya nuna tana iya tantance hotunan OCT daidai da ƙwararru. Amma da aka kai ta ƙananan asibitoci 11 a ƙasar Tailan, sai ta ƙi karɓar wajen kashi ɗaya cikin biyar na hotunan, saboda hasken ɗaki da ingancin hoto ba irin wanda ta saba ba ne, ga kuma intanet mai jan ƙafa. Kwamfuta abin da aka nuna mata shi ta sani. In babu idanunmu cikin darasin, to, za ta yi mana hukunci ne da idon wasu.

A ganina, aikin da ke gaban Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa bai fi ƙarfinsu ba. Na'urorin suna nan suna ɗaukar hoto kullum. Abin da ya rage shi ne a yarda da tsari guda, a auna lafiyayyu daga kowane sashe na ƙasar nan, maza da mata, manya da tsofaffi, a tara wuri ɗaya da izinin masu idon, a kuma rubuta tun farko cewa bayanan na ƙasa ne, kada a wayi gari an kwashe su waje an sayar mana da sakamakon. Mu ma jama'a akwai namu. In likita ya nemi lafiyayye ya ba da minti goma a ɗauki hoton idonsa don bincike, ba allura ba yanka, bai kamata a ɗauka za a yi gwaji ne da shi ba.

Kafin a kai can, wanda ya kai shekara 40, ko wanda aka taɓa samun cutar ga mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko wanda suke ciki ɗaya, ya je a duba masa jijiya, ba matsi kaɗai ba. In an ba shi takardar, kada ja ya firgita shi, kada kuma kore ya sa ya ƙi komawa. Likita ne zai haɗa ta da duban faifai da gwajin faɗin gani da kaurin gilashin ido. Ya adana takardar nan kamar takardar fili, domin in ya koma baɗi da ita za a gwada sabon awo, a ga ko zaren ya ragu. In da hali kuma ya koma ga irin na'urar da aka fara auna shi da ita, don lambobin wannan kamfani ba su cika dacewa da na wancan ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu dubi yadda ciwon sukari ke yi wa retina ɓarna.