Ku bar yara su yi lissafinsu da hannunsu

Yau maganarmu da iyaye ce, kuma ba za ta yi wa kowa daɗi ba.

Mushe ya ba yaro aikin gida na lissafi. Yaro ya ɗauki waya, ya ɗauki hoton tambaya, ya jefa ta a gurup na WhatsApp ko a Photomath, amsa ta fito, ya kwafe cikin kaye. Wanda ba shi da waya, yayansa na lise ya yi mai. Wanda ubansa ke da hali, malamin da ake biya duk ƙarshen wata shi ke riƙe biro, yaro na kallo. Gobe a kawo 18 bisa 20, mu ce madalla, yaronmu ya iya. Wa muke ruɗi?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ɗakin jarrabawar BEPC babu waya, babu yaya, babu malamin gida. Daga yaro sai takarda da kwamfa da ƙwaƙwalwarsa. Sakamako na fitowa mu hau zagin malamai da gwamnati. Gaskiya ne azuzuwa sun cika maƙil, littattafai ba su isa ba. Amma ba gwamnati ta shigo ɗakinmu ta kwafe wa yaro amsa ba.

Wasu na cewa wannan x da y ɗin karatun nasara ne, ba shi da amfani. Haba jama'a! Kalmar aljabra kanta Larabci ce, daga littafin da Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza cikin ƙarni na 9. Ki aiki yaro da jikka biyu ya sayo sabulu uku, ya dawo da canjin dala ɗari. Nawa ne sabulu guda? Shi ne 3x + 500 = 2000. A cire 500, a raba 1500 gida uku, x ya zama 500. Hajiya, kullum kina wannan lissafin a ka.

Magini kuma, in zai daidaita kusurwar ɗaki, yana auna santimita 60 a wannan gefe, 80 a wancan. In tsakaninsu ya ba da 100, kusurwa ta miƙe. Wannan ita ce ƙa'idar Pitagor da ake koyarwa a kwaleji: 3600 da 6400 sun haɗa 10000. Wanda ya kwafe ta bai gane ba, wane gini zai yi mana gobe?

Ba sai kun yi lakwal ba za ku taimaka. Ku karɓe wayar har ya gama. Ku ce ya bayyana muku da Hausa yadda ya bi ya samu amsar. In ya kasa, ba shi ya yi ba. Malamin gida ya nuna misali guda, sauran yaro ya yi gumi. Malaman aji kuma, don Allah ku riƙa kiran mai 18 ɗin nan gaban allo.

Gara yaro ya kawo 7 ta guminsa, mushe ya ga inda ya ɓace ya gyara shi tun da sauran lokaci. Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani, amin.